Zuwa ga Barunden Stains, Wanda Na'ura Ta Naɗa

Barunde, bawana,

Ina yi maka gaisuwar ubangida ga yaronsa, ina kuma taya ka murnar sarauta. Labari ya iske mu a Liyon cewa garin Stains ya yi Sarkin Fawa, ba a buga tambari ba, ba a busa algaita ba, ba wanda ya ga rawani balle alkyabba. Da na tambayi wane sarki ya yi naɗin, sai aka turo mini hoto ta waya. Ashe wani guntun katako ne da bai kai tsawon tafin hannu biyu ba, ka ɗaura shi ya zama mariƙin murfin murhunka na gashi, ka kai aka ƙona masa rubutu da na'urar leza. Bari in karanta wa jama'a abin da ke jiki, don kada gobe ka ce Agwai ya yi maka ƙage: SARKIN FAWAN FARANSA DA KEWAYE. A ƙasa, da ƙananan baƙaƙe, ka so a rubuta "Ɗan Madawa", amma harafin farko ya ƙi fitowa, wani ɗan akwati mai kusurwa huɗu ne ya zauna a mazauninsa. Maganar akwatin tana nan tafe, kada ka ƙosa.

Duk faɗin duniyar Allah ka rasa inda za ka yi sarauta sai Faransa. Mutanen nan ranar 21 ga Janairun 1793 suka fito da sarkinsu, Luwi na 16, tsakiyar Faris, a bainar jama'a, suka raba shi da kansa. Kuma ba nesa ka je ka kafa gadon mulkin ba. Stains maƙwabciyar Saint-Denis ce, inda babbar majami'ar da aka binne akasarin sarakunan Faransa take. A wannan shekara ta 1793 dai 'yan juyin juya hali suka bi kaburburan nan suka tone, suka tattara abin da suka tarar suka zuba a ramuka. Matattun sarakuna ke nan ba su tsira ba, kai kuwa da ranka da lafiyarka ka zo ƙofar gidansu kana rubuta "Sarki" da manyan baƙaƙe. Karambanin akuya, gai da kura. Garin da kake ciki magajin gari gare shi, kuma da ƙuri'a ake hawa kujerar. Azzédine Taïbi ma da ya hau a 2014 zaɓensa aka yi, ba katako ya kai aka ƙona masa ba. Ita kuwa "da kewaye" da ka ƙara, ina fata ka aika wa Beljiyam da Jamus da Italiya da Sifen takarda cewa fawarsu ta dawo hannunka.

A gida ko yaro ya san aikin Sarkin Fawa. Sarki ne ke naɗa shi, kuma ba don ado ba. Shi ke duba dabba kafin a kayar da ita, ya hana a sayar wa mutane mushe ko mai ciwo, ya raba rigimar mahauta, ya san rabon kowa a mayanka. In aka kore wa Bafulatani saniya da dare, gidansa ake fara zuwa da safe, domin duk wayon ɓarawo fatar dai sai ta biyo ta hannun mahauci. Ba zargi nake yi ba, tarihi nake ba ka. In kuma za a yanka babban sa, makaɗan kalangu ne ke zaga gari tun jajibere, kowace uwargida ta ji ta san gobe akwai kitse a kasuwa. Wannan ita ce sarautar da ka ɗauko sunanta ka liƙa wa murfin tukunyar ƙarfe.

Yanzu mu dubi mai riƙe da ita a Stains. Dokar Faransa ta hana yanka dabba a ko'ina ban da mayankar da hukuma ta amince da ita, wanda ya karya kuma yana iya shan ɗaurin wata 6 da tarar Yuro 15,000. Saboda haka ko ragon layyarka ba ka isa ka sa masa wuƙa a tsakar gida ba. Kuɗi kake biya tun da wuri, a ba ka 'yar takarda mai lamba, ka je ka bi layi tare da Larabawan Magrib da mutanen Mali da na Sanagal, a miƙo maka rago feɗaɗɗe da hatimin likitan dabbobi a jikinsa. Sauran kwanakin shekara kuwa merguez kake saye, niƙaƙƙen naman nan da ake ɗurawa a hanji da jan yaji, girkin mutanen Arewacin Afirka, ka jera a kan waya kana juyawa da ƙwambo. Ɗan mahautan da wani ya yanka masa, wani ya feɗe, wani ya niƙa, wani ya ɗura, shi kuwa nasa juyi.

Ko da an bar ka ka yanka, me za ka yanka? Shanun ƙasar nan ba su da tozo. Fararen shanun Charolais da ake kiwo arewa maso yamma da nan Liyon, na je na gan su da idona: ƙatti ne, nama har ya yi musu yawa, amma gadon bayansu a shafe yake tun daga wuya har wutsiya. Ba bunaji ba ne, ba rahaji ba, ba jan Azawak ba. Mahaucin da ba shi da tozon da zai tsarga tsakanin tsoka da tsoka a jikin tsinke, wane baki gare shi a taron mahauta? Masu gasa masara a bakin tashar Château-Rouge, waɗanda ke ɗora gwangwanin garwashi cikin amalanken kanti, sun fi ka hujja. Su kullum suna bakin wuta, sanyi da zafi, ido ɗaya a kan masara, ɗaya a kan 'yan sanda, kuma har yau ba a ji wanda ya rubuta wa amalankensa Sarkin Masara ba.

To, mu zo kan na'urar da kake ta cika baki da ita, har kana cewa mu mutanen daji ba za mu gane ba. Na gane sarai, Barunde, don aikinmu ne aka sa wa lantarki. Leza ba ta da tawada, ba ta da kaifi. Haske ne ake tarawa wuri guda, a bi da shi ta madubai, a matse shi da gilashi har ya koma ɗigon da bai wuce kaurin silin gashi biyu ko uku ba. Duk inda ɗigon nan ya sauka a katako sai wurin ya ƙone, wani sashe ya tashi hayaƙi, a bar ɗan rami mai duhu. Kwamfuta ce ke tuƙa kan na'urar, yana kai da komo layi bayan layi, tana kunna hasken tana kashewa, har harafi ya haɗu. A rugarmu lalas ake ce wa wannan. Tun ba a san lantarki ba muke sa ƙarfe a wuta mu yi wa dabba alama ko magani. Ƙoren da iyayenmu mata ke jerawa, waɗanda kuke leƙe in sun kawo nono kasuwa, da yawansu da ƙarfe mai zafi aka zana su, zane mai tsari wanda ba kwamfutar da ta riƙe wa mai yin sa hannu. Maƙeri ma in zai sa wa fartanya ƙota, ƙarfen yake gasawa ya yi ja ya shigar da shi cikin itacen. Ku rundawa ne kawai kuka yi shekara da shekaru a bakin wuta ba ku taɓa tunanin a yi rubutu da ita ba, sai da Bature ya sayar muku.

Baturen ma ba shi kaɗai ba ne. Wani Ba'amurke, Theodore Maiman, shi ya fara kunna leza a 1960, da ɗan guntun jan yakutu. Amma irin wadda aka fi ƙona katako da ita a shaguna, mai aiki da iskar kabon da muke fitarwa in mun yi numfashi, a 1964 aka ƙirƙiro ta a ɗakin binciken Bell Labs, kuma wanda ya yi aikin Kumar Patel ne, haifaffen Indiya. Ka ji ikon Allah: mutumin ƙasar da saniya ke kwanciya tsakiyar titi motoci su kauce mata, shi ya ƙera abin da mahauci zai yi wa kansa kirari da shi. Hasken irin wannan leza ido ba ya ganinsa. Jan ɗigon da ka ga yana yawo a kan katakonka har ka ɗauki bidiyonsa, ɗan jagora ne kawai, ba shi ke ƙunar ba. Akwai kuma ƙanana masu shuɗin haske da ake saye ta intanet a ajiye a gida. Na ji kana shawarar sayen ɗaya. In ka saya ka haɗa da tabaran kariya, don hasken da ke cin katako ba zai ji kunyar ƙwayar idonka ba.

Sirrin aikin biyu ne, ƙarfin wuta da saurin tafiya. Wuta ta yi yawa ko kan na'ura ya yi nawa, rubutu ya zurfafa ya babbake gefe. Wuta ta yi kaɗan ko ya yi gaggawa, rubutu ya fito fari-fari sai an kanne ido. Daidai da tsire a bakin tukuba: ka matso da shi ya ƙone, ka nisanta shi ya kwana ɗanye. Shi ya sa masu aikin ke fara gwaji a kan wani guntu na irin katakon kafin su taɓa na gaske. Kai da aka yanke wa cibiya a gindin tukuba ya kamata ka fi kowa sanin wannan karatu. Majiyata ta ce mai shago ya nemi ka kawo guntun gwaji, ka ce masa sauri kake yi.

Bari in bi hoton daki-daki, tun da kai ka baza shi a duniya.

Katakon da kansa. An tabbatar mini ba saye ka yi ba, tsinto shi ka yi daga falankan da ake ɗora kaya a kai a bayan manyan kantuna. Irin waɗannan galibi da itacen pin da danginsa ake yin su, itace mai ƙaro. Itacen ƙasar sanyi zobe-zobe yake girma: abin da ya tofo a farkon lokacin girma taushi gare shi, na ƙarshe kuma tauri. Leza ba ta san wannan ba, wuta ɗaya take ba kowa, sai ta ci mai taushin da zurfi ta bar mai taurin a tsaye. Ga shi nan a hotonka: S ɗin farko ya nutse ya yi baƙi ƙirin, A da R sun yi tudu da kwari, N ɗin ƙarshen SARKIN kuma ya faɗa kan kulli, ƙaro ya tafaso ya daskare a kansa. Wannan na ado ne. Na lafiya ya fi shi. Falankan da ke ƙetare iyakokin ƙasashe suna ɗauke da hatimi: in ka ga HT, da zafi aka kashe ƙwarin cikinsu, in ka ga MB, da guba mai suna methyl bromide aka turara su. Tarayyar Turai ta hana amfani da wannan guba tun 2010, amma kaya na shigowa daga ko'ina. Ka duba hatimin kafin ka sa zarto? Na san amsar. Araha ba ta ado, Barunde, wani lokaci ma har asibiti take kai mutum.

Da ka tambayi ubangidanka, da na ce ka leƙa aljihun kowane tsohon manomin Faransa. Wuƙar Opinel za ka tarar, wadda aka fara ƙerawa a yankin Savoie, gabas da mu, tun 1890, kuma mariƙinta na yau da kullum da itacen da suke kira hêtre ake yin sa. Fari ne, jikinsa a haɗe, ba ƙaro, ba tudu da kwari. In leza ta bi ta kansa rubutu fes yake fita. Itacen zaitun ma yana karɓar ƙuna da kyau, sai dai zanen jikinsa kan yi gasa da baƙaƙen. A gida da aduwa zan ce maka, wadda ake sassaƙa allo da ita, itacen da ya saba ɗaukar rubutu tun kafin kakanka ya san hanyar makaranta. Ƙirya kuwa a bar wa maƙera su yi gawayi, ta cika duhu, baƙi a kan baƙi ba ya karantuwa.

Sai siffar mariƙin. Ka murɗe shi ya zama mulmulalle don ya yi daɗin riƙo, ba laifi. Amma ɗigon leza a tazara ɗaya tak yake da kaifi. Katako ya ɗan yi nisa ko ya ɗan matso, ɗigon ya baje. A kan abu mulmulalle tsakiya ce kawai ke daidai, gefe da gefe sun gangara. Shi ya sa kawunan baƙaƙenka da ƙafafunsu suka yi dishi-dishi, cikinsu kaɗai ya fito. Masu sana'ar suna da wani ƙarfe da ke juya abin a hankali yayin da haske ke aiki, in kuma babu shi sai a fere gefe ɗaya ya kwanta, a yi rubutun a nan. Rawayan dattin da ya kewaye kowane harafi kuwa hayaƙi ne ya koma ya kwanta. Da an liƙa tef ɗin takarda a kan katakon kafin a fara, a ɓare bayan an gama, da dattin ya tafi da shi. Kai sai ka bi da fenti mai ƙyalli ka shafe har da dattin, ka adana shi don jikoki. Fentin nan da zarar ya sha zafi zai kumbura ya ɓare. Mai ake shafawa, irin wanda ake shafa wa katakon yanka nama, a bari ya tsotse, a ƙara.

Na ga kuma ka rataya masa 'yar igiyar fata, an ce ita ma kana so a ƙona mata suna. Tsaya tukuna. Fatar da aka jeme da bagaruwa, irin ta majemanmu masu aikin jar akuyar Maraɗi, ba ta da matsala. Wadda aka jeme da sinadarin kurom a masana'anta ba a sa ta a leza, balle fatar roba ta PVC, wadda in ta ƙone take fitar da iska mai cin huhu, ta ci ƙarfen na'urar ma.

Yanzu akwatin. Ba laifin leza ba ne, ita abin da aka ba ta take ƙonawa. Kowane salon baƙaƙe da ke cikin kwamfuta yana da iyakar haruffan da mai zana shi ya zana. Kai ka bi jerin ka zaɓi wani mai lanƙwashe-lanƙwashe irin na katin biki, wanda mai shi bai taɓa jin labarin ɓ da ɗ da ƙ ba, balle ƴ ɗin da makarantun Nijar ke rubutawa. In kwamfuta ta nemi harafi ta rasa, sai ta ajiye akwati a gurbinsa. Akwatin nan ya fito a fuskar kwamfuta ƙuru-ƙuru kafin a danna komai. Mai shago ba Bahaushe ba ne, ya ɗauka wata alamar gargajiya ce ta mutanenku. Kai kuma da ke tsaye a kansa hankalinka na wurin ɗaukar bidiyo. Akwai salon baƙaƙe kyauta da suka san haruffanmu, abin da ake bukata kawai mutum ya duba kafin ya ce a kunna. Tawada ana gogewa, ƙuna ba a gogewa.

Babban abin dariyar na ajiye shi ƙarshe. Ka ɗaure katakon da kusoshi kai tsaye a jikin murfin ƙarfe, ba tazara, ba wani faifan ƙarfe da zai tare masa zafi. Katako in ya kai wajen digiri 300 gawayi yake zama, kuma tun kafin nan yake fara yin duhu. Murfin da ke rufe da jan garwashi ba wasa ba ne. Rubutunka ƙuna ne a kan fari. Ranar da farin ya ƙone, shi ke nan an tuɓe Sarki ba tare da an kira taron majalisa ba. Ina ba sarautar nan zafi ɗaya, daga watan Yuni zuwa Agusta. Duba murhun da kamfanoni ke ƙerawa: mariƙin a ɗage yake a kan ƙafafu, iska na wucewa ta ƙarƙashi.

In da gaske kake son koyon aikin, ga inda za ka. A La Villette, arewa maso gabashin Faris, akwai gidan kimiyya na Cité des sciences, a ciki kuma akwai ɗakin ƙere-ƙere da jama'a ke zuwa su koyi sarrafa irin waɗannan na'urori. Ba don kusa na zaɓa maka shi ba, don gado ne. Filin nan shi ne babbar mayankar Faris da kasuwar shanunta daga 1867 har 1974, shi kansa ginin gidan kimiyyar da aka buɗe a 1986 don cinikin nama aka fara gina shi. Kana shiga jininka zai gane wurin. Babbar rumfar da ake tsayar da shanu tana nan har yau, an mai da ita wurin kaɗe-kaɗe da baje koli. Mu ma nan Liyon haka suka yi wa tamu, Halle Tony Garnier da ke unguwar Gerland: kara ce ta shanu a da, yanzu mawaƙa ke cika ta. Wannan kam ni da kai duka aka yi wa, Bafulatani ya rasa inda zai sayar, mahauci ya rasa inda zai yi ƙaryar ba shi da canji.

Na san abin da kake tanadi ka mayar mini. Za ka ce Agwai ya bar nagge daɗi goma ya tare a garin masu cin alade. Gaskiya ne ƙananan gidajen abincin Liyon da suke kira bouchon rabin girkinsu da shi ne, shi ya sa nake sayen nawa naman wurin mahautan halal na unguwar Guillotière, 'yan'uwanka, waɗanda su ma sai na sa ido a kan sikeli. Amma garin nan ya san abu guda da kai ba ka sani ba. Babban kukunsu, Paul Bocuse, wanda ya rasu a 2018, sunansa na nan a kan babbar kasuwar abinci ta gari, kuma tun yana raye aka sa. Mutanen da suka ci girkinsa ne suka sa masa. Kakan kwamfutar da ke tuƙa lezarka ma ɗan nan ne: Joseph Marie Jacquard, wanda a farkon shekarun 1800 ya haɗa masaƙar da ke karanta zane daga katuna masu huji. Ka ga ko ta nan a ƙarƙashina kake.

Ba sai na kai ka wurin Bature ba ma. Dubi garinku. Motocin da ke bin babbar hanya daga Yamai zuwa Damagaram suna tsayawa a Madawa, fasinja su sauko su yi layi, ba don sun ga allo mai rubutun leza ba. Iyayenka ne ke zama da wuƙa su shimfiɗe tsoka ta zama falle har ana hango rana ta cikinta, su shanya, su tsoma a labu na tunkuza da kayan yaji, su sake shanyawa, sannan su nuna wa wuta. A 2023 hukumar OAPI mai mazauni a Yawunde ta yi wa kilishin Nijar rajista, tare da albasar Galmi maƙwabciyarku, don kada wani can ya yi nasa ya laƙaba masa sunan. Wannan shi ne suna, kuma hannu ne ya jawo shi. Abin haushin, dokar Tarayyar Turai ta hana matafiyi shigo da nama a jakarsa daga ƙasashenmu, saboda haka kilishin Madawa ba zai zo ya cece ka ba. Dole kai ka yi. Ka nemo tsoka mai kyau, ka daka ƙuli-ƙulinka, ka haɗa yajinka da citta da kanumfari da masoro, ka fere tsinke, ka tsaya a bakin wuta har idonka ya yi ja. Ranar da Bafaranshen da ke hawa na ƙasa ya daina buga maka ƙofa don hayaƙi ya koma buga ta da faranti a hannu, ka zo mu yi maganar rawani. Kafin nan, tusa ba ta hura wuta.

Tun da na ambaci hayaƙi, ga magana ɗaya wadda ba wasa a cikinta. Ba a unguwar Cité-jardin kake ba, mai gidaje da 'yan lambuna, wadda aka gina tsakanin 1921 da 1933. A dogon bene kake, kuma dokar mai gida ce ke faɗin ko ana gashi a baranda. Lambunan shaƙatawa na cikin Faris an hana kunna wuta a cikinsu, makeken lambun Georges-Valbon da ke gefenku ma ka karanta allon ƙofa kafin ka sauke gawayi. Duk wannan tara ce, ana biya a wuce. Wanda ba a biya shi ne shigar da murhun gawayi cikin ɗaki lokacin sanyi, a rufe tagogi, ko don gashi ko don jin ɗumi. Garwashi na fitar da iskar da ba ta da wari ba ta da launi, ciwon kai take fara sa wa, sai barci. Duk hunturu sai ta kwantar da iyalai a ƙasar nan. Bawa ɗaya gare ni a Stains, ban shirya neman wani ba.

Ban ce kada a yi wa kaya alama ba. Duk wanda ya taɓa ba da aron murhu ko tukunya ranar suna ko walima a cikin 'yan'uwanmu na Faris ya san yadda kaya ke tafiya Sarcelles su kwana Aubervilliers su ɓace a Montreuil. Iyayenmu mata da jan farce suke ɗiga wa gindin kwanukansu alama saboda haka. Amfanin rubutu a jikin kaya shi ne a san mai su. To a nan ne ka yi babban kuskure, domin shari'ar da ke tsakanina da kai tsohuwa ce: bawa da abin da ya mallaka na ubangijinsa ne. Saniyar tawa ce tun asali, kai wuƙa kawai aka ba ka riƙo. Kuma kada ka ce za ka yi fushi ko ka kai ƙara. Wasan nan da ke tsakaninmu UNESCO ta sa shi cikin gadon al'adun duniya da sunan Nijar tun 2014, ba kotun da za ta saurare ka. Wanzami dai ba ya son jarfa.

Ga hukunci. Ka kwance wannan guntun falanki ka jefar, kada ka sa shi a wutar gashi. Ka sayi hêtre da kuɗinka, a fere masa gefe ɗaya, a liƙa tef, a yi gwaji, a ɗaga shi daga jikin murfi. A rubuta da baƙaƙe masu sauƙin karatu: NA AGWAI NE, BARUNDE KE RIƘO. Da gangan na tsara shi da Ƙ a ciki, in ga ko ka ji karatu. Daga tashar Part-Dieu zuwa Gare de Lyon awa 2 ne a jirgin TGV, daga nan kuma layin RER D ɗaya ne har Pierrefitte-Stains, ba canji. Ina tafe cikin watan cika-ciki. Ka tanadi tsintsiya ka yi shara ka karɓi kuɗinka, ka kuma tanadi tsire na gaske, ban da merguez.

Ubangidanka,
Agwai na Liyon